Darasin Kimiyya a Gaban Injin Mota

Magidanta da yawa ba su manta da safiyar Asabar ba, lokacin da mahaifi kan buɗe gaban motarsa ƙirar Peugeot 504, ya kira ɗansa ya riƙe masa sifana. A nan yaro ke koyon duba baƙin mai, da goge fulogi, da taɓa fambel a ji ko ya saki. Sai kuma gargaɗin kullum: kada a kuskura a buɗe murfin lagireto inji na da zafi.

Wannan gargaɗi kimiyya ce tsantsa. A buɗaɗɗiyar tukunya, ruwa kan tafasa a wajen digiri 100 na ma'aunin Salshiyas, amma murfin lagireto yana ƙara masa matsi, har ya wuce haka bai tafasa ba. Da zarar an buɗe, matsin ya faɗi, ruwan ya tafasa nan take, ya yi feshi ya ƙona fuska. Yaron da ya ji wannan gargaɗi ya sami tushen darasin matsi da tafasa tun kafin malami ya rubuta shi a allo.

Saboda haka kuskure ne a ɗauki kanikanci a matsayin sana'ar wanda boko ya ƙi, balle yanzu da ake gano matsalar mota da kwamfuta. Ya kamata malamai su riƙa kai ɗalibai gareji, iyaye kuma su daina korar yara, maza da mata, idan an buɗe inji. Gani ya kori ji.