Kurkunu Ya Tafi, Kududdufin Yana Nan

'Yan'uwa ɗalibai da ma'aikata, kowannenmu ya san irin wannan ƙauye: gidaje 'yan kaɗan, mota ba ta shiga da damina, kududdufi guda mutane da shanu suke sha. A irin waɗannan ƙauyuka ne binciken 1988 zuwa 1989 ya gano mutum fiye da 650,000 masu ciwon kurkunu a Nijeriya. Cuta ce mai kwantar da manomi makonni, ciyawa ta cinye gona, yunwa ta shiga gida.

Da me aka yaƙe ta? Ba allura, ba ƙwaya. Ƙyallen tace ruwa ne, da hana mai ciwo tsoma ƙafa a tafki, da ma'aikatan da suka yarda su taka har ƙauye. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar an kawar da ita daga ƙasar nan.

To, wannan nasara ita ta tona mana asiri. Ashe ba nisa ke kashe ƙauye ba, rashin kula ne! Kurkunu ya tafi, amma a ƙauyuka da dama kududdufin yana nan, amai da gudawa na ɗibar yara, mai naƙuda kuwa sai a amalanke. Mu da gumin manoma ya kai jami'a, da an tura mu aiki karkara sai mu shiga kamun ƙafa a mayar da mu birni.

Kafin mu zagi mahukunta, mu tambayi kanmu: gobe takardar neman rijiyar ƙauyen nan a teburin wa za ta kwana? A namu!