Kora da Hali a Kwarin Silikon

Sana'ata rubuta manhajar kwamfuta, kuma duk mai wannan aiki ya san yadda ake tace mutane ba tare da an ambaci sunansu ba. Ka gindaya sharaɗi biyu ko uku, na'ura ta zaƙulo maka waɗanda kake nufi, kai kuma ka ce ai lissafi ne. Shi ya sa da na karanta dokar ajiye motoci ta Mountain View, garin da nake zaune a jihar Kalifoniya ta Amurka, inda hedikwatar Google take, ban sha wahalar gane inda ta dosa ba.

Ga abin da dokar ta ce, wadda masu zaɓe suka amince da ita a Nuwamban 2020: duk motar da ta haura ƙafa 22 a tsawo, ko ƙafa 7 a faɗi ko a tsaye, ba za a ajiye ta a titin da faɗinsa bai wuce ƙafa 40 ba. Babu kalmar talaka a ciki. Amma mafi yawan titunan garin sun faɗa cikin wannan awo, kuma kowa ya san motocin da ake nufi. Su ne manyan motocin nan masu gado da kicin da banɗaki, waɗanda aka ƙera don yawon shaƙatawa, suka koma gidajen mutanen da haya ta fi ƙarfinsu. Wannan shi ne fakewa da guzuma a harbi karsana.

Su waye a cikin motocin? Masu dafa abinci ne, da masu share ofisoshi bayan mun tashi, da leburorin gini, da tsofaffi, da iyalai masu 'ya'ya a makarantun garin. A wurin da hayar ɗaki da falo take kaiwa dala 3,000 a wata, tsohuwar mota ce kaɗai rufin asirin da albashinsu zai iya riƙewa. Garin yana son aikinsu da rana, ba ya son ganinsu da dare.

Ni idan janwe ta ja motata, an ɓata mini yini ɗaya ke nan. Wanda yake kwana a tasa kuwa, an tafi da gadonsa da magungunansa da takardunsa. Kuɗin ja da na ajiya suna ƙaruwa kullum, idan ya kasa biya a yi gwanjon motar. Mutumin da jiya yake da ƙofar kullewa, yau sai tanti a gefen hanya. Wace matsala aka magance?

Maƙwabtana masu gidaje suna da ƙorafi, kuma ba duka ne ƙarya ba. Doguwar mota tana tare wa direba gani a mararraba, tana matse masu keke, wani lokaci a ga ƙazantar ruwa a magudana. To amma kowanne yana da maganinsa. A hana fakin kusa da mararraba ga kowa da kowa. A buɗe wuraren zubar da ruwan banɗaki, a kawo motar shara. A faɗaɗa filayen kwana masu tsaro, irin wanda garin ya riga ya buɗe a Shoreline, domin waɗanda ake da su ba su isa ba. Birnin Santa Barbara yana da irin wannan shiri tun 2004. Wanda ya tsallake duk wannan ya ɗauko tef ɗin awo, ba tsafta ce ta dame shi ba.

Sai da mazauna motocin suka kai ƙara a 2021 kafin garin ya amince, a sulhun 2022, zai bar musu aƙalla mil 3 na titi. Mil uku, a garin da filayen ajiye motocin kamfanoni suke kwana fayau babu kowa.

Abin kuma yaɗuwa yake yi. A 2024 Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar Grants Pass, ta ba birane damar hukunta masu kwana a waje ko da babu gado a matsugunin gwamnati. A 2025 San Francisco ta ƙayyade wa manyan motoci awa biyu kacal a titunanta, sai wanda ya samu takardar izini ta ɗan lokaci. Kowane gari yana tura su ga maƙwabcinsa, kamar mai share ƙofar gidansa ya tara sharar a ƙofar wani.

Laifin har da mu, masu albashin da ya cilla haya sama. Mun cika garin, majalisun garuruwan yankin kuma suka shafe shekaru suna ba da izinin gina ofisoshi fiye da gidaje. Kafin a gina gidajen, abin da ya wajaba a kan gari shi ne ya nuna wa mutum inda zai tsaya kafin ya ce masa ya tashi. Idan kuwa korar ake so, to a rubuta ta da sunanta, a kai wa masu zaɓe su sa hannu ido buɗe.