Daga Teburin Malami: Ta Rami Ko Ta Kan Dutse?

Wannan wata za mu ajiye zancen yara da jarrabawa, mu hau dutse.

A tsakiyar ƙasar Turai akwai jerin manyan duwatsu da ake kira Alps. Sun ratsa ƙasashe takwas, tsawonsu kuwa wajen kilomita 1,200 ne. Wani tsohon ɗalibina da ke aikin jinya a Suwizalan ya sami hutun kwana huɗu a watan Yuli. Suka bar yara wurin 'yan'uwa, shi da uwargidansa suka shiga mota don su zagaya wani yanki na duwatsun. Ba su da gaisuwar mutuwa a can, ba su da biki. Ganin ƙasa kawai ya fitar da su. Da ya aiko mini da labarin sai na ɗauko taswira na bi sawunsu.

Sun tashi daga Martigny, wani gari a kwarin kogin Rhone, suka nufi Aosta ta ƙasar Italiya. Tsakaninsu bai wuce kilomita 80 ba, amma dutse ya tare. Bayan ƙauyen Bourg-Saint-Pierre hanya ta rabu biyu. Ɗaya ta shiga ramin da aka haƙa cikin dutsen, aka buɗe shi a 1964, tsawonsa kusan kilomita 6. Ka biya kuɗi, cikin 'yan mintoci ka ɓullo Italiya. Ɗayar ita ce tsohuwar hanya, mai kwana-kwana, tana hawa har mashigin da ake kira Babban Saint Bernard. Dusar ƙanƙara takan rufe ta daga wajen Oktoba har Yuni.

Maigida ya so rami. Uwargida ta ce, "Maigida, duhu muka zo gani?" Sai ya juya kan mota zuwa tudu. Ni dai ina bayanta. Mu maza muna da wata cuta in mun kama sitiyari: isa kawai muka sani. Mace tana gefe kamar buhun masara, ba a tambaye ta ko tana son a tsaya ba, in ta yi magana a ce dare zai yi. Shekara ashirin da aure, wata ba ta taɓa zaɓar hanya ko sau ɗaya ba.

Mashigin yana kan tsayin mita 2,469. Don ku gane, Chappal Waddi na Jihar Taraba, dutsen da ya fi kowane tsayi a Nijeriya, mita 2,419 ne. Ke nan motarsu ta tsaya a inda ya ɗara ƙwanƙolin ƙasarmu duka. Ba itace ko ɗaya a wurin, sai duwatsu da wani ɗan tafki da kan daskare yawancin shekara. Suka fito da rigunan sanyi, a tsakiyar Yuli!

A bakin tafkin akwai wani babban gida na dutse. Wani bawan Allah mai suna Bernard, ma'aikacin ekklesiya a Aosta, ya kafa shi wajen shekara ta 1050, domin matafiya suna ta mutuwa a kan hanyar, waɗansu sanyi ya kashe, waɗansu 'yan fashi. Tun daga ran nan har yau akwai 'yan'uwa masu zama a gidan rani da damina, suna addu'a, suna karɓar baƙi. Ba a tambayar baƙo addininsa kafin a ba shi miya mai zafi da wurin kwana. Ko sojojin Napoleon, wajen 40,000, da suka haye a watan Mayu na 1800, sun ci burodi da cuku a nan. 'Yan'uwan gidan ne kuma suka yi kiwon manyan karnukan nan da kan shinshino mutumin da ƙanƙara ta binne. Wanda ya fi suna shi ne Barry, ya rayu daga 1800 zuwa 1814, an ce ya ceci mutum wajen 40. Yanzu jirgin sama mai saukar ungulu ke aikin ceto. Tun 2005 wata ƙungiya a Martigny ta karɓi kiwon karnukan, amma akan hau da waɗansu mashigin lokacin zafi. Wanda ya bi rami yakan wuce ƙarƙashin wannan duka bai sani ba.

Sai zancen abinci, wanda uwargida ta fi ba ni labarinsa. Mutanen duwatsun makiyaya ne. A watan Yuni sukan kora shanu can sama inda ciyawa ta tsiro, su sauko da su kafin sanyi. Madara ba ta jiran kowa, shi ya sa suke mai da ita cuku, manya-manya kamar faifai, masu ajiyuwa wata da watanni. A ɓangaren Suwizalan sun ci raclette. Akan raba cukun biyu, a kara fuskarsa kusa da wuta, in ta narke a kankare ta da wuƙa a kan dafaffen dankalin Turawa, a haɗa da 'yar albasa mai tsami. Akwai kuma busasshen naman sa da aka yanka sirara. Maigida ya ce ƙanin kilishi ne da bai ga yaji ba. Wani abincinsu, fondue, akan narka cukunsa da ruwan inabi mai sa maye, don haka mai gudunsa ya tambaya kafin ya sa hannu.

Gangarowa ta fi hawa haɗari. Mai danna burki ba hutawa zai ƙona shi, sai a sa mota a lamba biyu a bar inji ya riƙe ta. A Aosta suka ga wata babbar ƙofar dutse da Romawa suka gina shekara 25 kafin haihuwar Almasihu, don girmama Kaisar Augustas, wannan da ya ba da umarnin ƙidayar da ta kai Yusufu da Maryamu Baitalami. Da yamma aka kawo musu polenta. Uwargida ta duba ta yi dariya, ashe tuwon masara ne! Haka ake tuƙa shi, sai dai maimakon miyar kuka akan narka masa man shanu da cukun wurin mai suna fontina.

Daga Aosta zuwa Chamonix ta Faransa sun bi ramin Mont Blanc, don babu hanyar mota a kan wannan dutse mai tsayin sama da mita 4,800. Ramin kilomita 11.6 ne. A watan Maris na 1999 wata babbar mota mai ɗauke da fulawa da man girki ta kama wuta a ciki, mutum 39 suka rasu, aka rufe shi shekara uku. Yanzu ba a wuce gudun kilomita 70 a awa, kuma dole ka bar mita 150 tsakaninka da na gaba. A Chamonix suka shiga wani akwati mai tafiya a kan igiyar ƙarfe, ya kai su kusa da ƙwanƙolin Aiguille du Midi, mai tsayin mita 3,842, cikin minti ashirin. A nan maigida ne ya rufe ido, uwargida tana ɗaukar hoto. Kashegari suka bi mashigin Forclaz suka koma Martigny, da cukun fontina kilo biyu a bayan mota don yara.