Ɗaga mota da sa mata manyan tayu: mu yi lissafi kafin mu zuba kuɗi

Yau muna son mu taɓo wata al'ada da ta shigo tashoshinmu, daga Maraɗi har Damagaram, daga Tawa har Yamai. Mutum ya sayi kat-kat, Hilux ko Land Cruiser, kafin ma ya gama biyan bashinta sai ya wuce garaji ya ce a ɗaga masa ita, a sa mata manyan tayu. In ka tambaye shi dalili, sai ya ce hanya ba kyau, kuma motar Alhaji wane ta fi tasa tsawo. Maganar hanya gaskiya ce. Maganar motar Alhaji wane kuwa ita ce ke cinye jarin mutane.

Wannan zance ya shafe mu dukanmu, masu mota da marasa mota. Mu ne ke cin kasuwannin Dakwaro, Mayahi, Tanut, Abalak da Badagishiri mako bayan mako. Albasarmu ta Galmi, wakenmu, ayarmu da geronmu a bayan waɗannan motoci suke tafiya. Kuma uwayenmu da ƙannenmu mata su ne ke zaune bisa buhunan, wata da goyo a baya. In mota ta kife, jarinmu da jininmu ne a ƙasa.

Mu fara da abin da masu ɗaga mota ke da gaskiya a kansa. Wanda ya san hanyoyin ƙauye ya san yadda manyan kamiyo ke tona sawu biyu masu zurfi cikin rairayi, su bar tudu a tsakiya. Ƙaramar mota in ta shiga, cikinta ya zauna bisa tudun, ƙafafu na juyawa a banza. A ƙasar Adar duwatsu ne ke dukan ƙarƙashin mota. Da damina kuma ga koramu. Daminar 2024 ba wanda ya manta yadda ruwa ya yanke hanyoyi a jihohin Maraɗi, Damagaram da Tawa. To, son mota mai ɗan tsawo ba wauta ba ne. Matsalar ita ce yawancinmu muna biyan kuɗi ba tare da mun san abin da muka saya ba.

Ga abu na farko da ya kamata kowa ya sani. A ƙarƙashin mota, wurin da ya fi kusa da ƙasa shi ne tulun ƙarfen nan da ke tsakanin ƙafafun baya, wanda makanikai ke ce wa pon. Ko ka ɗaga risor da taƙi guda, wannan tulu yana nan inda yake, domin a kan taya yake zaune. Gangar jikin motar kaɗai ta hau sama. Taya ce kaɗai ke ɗaga pon, ita ma rabin ƙarin girmanta kawai take ba ka. Misali, tayar da Hilux da yawa ke zuwa da ita, 265/65 R17, tsawonta kusan santimita 78 ne. Babbar da samari ke so, 285/70 R17, kusan santimita 83. Bambancin ya ɗan wuce santimita 5, ke nan pon ya tashi da ƙasa da santimita 3, bai kai yatsu biyu ba. Kuɗi masu yawa ke nan a kan yatsu biyu.

Abu na biyu ya fi na farko muhimmanci: ɗaga mota ba ya ƙara mata ƙarfin ɗaukar kaya. Hilux kusan tan ɗaya aka ƙera ta ta ɗauka, wato buhu goma na kilo 100, kuma direba da fasinja suna cikin wannan lissafi. Nauyin da aka yarda mata yana rubuce a karti giris. In aka ƙara mata ganyen risor biyu ko uku, ta daina durƙusawa ƙarƙashin buhu ashirin, sai ido ya ruɗu a ce ta yi ƙarfi. Amma shasi ɗin nan shi ne dai, pon shi ne, rulma ita ce, birki shi ne. A da, in an yi mata lodi fiye da kima, bayanta ya zauna, kowa ya gani ya ce a rage. Yanzu an toshe mata bakin da take kuka da shi. Ranar da za ta faɗi ciwonta, a tsakiyar daji za ta faɗe shi da karyewar ƙarfe.

Abu na uku shi ne kifewa. Duk matar da ta taɓa ɗaukar tulu a kai ta san cewa in kaya ya yi sama, ɗan tuntuɓe kaɗan ya isa. Mota ma haka take. An ɗaga ta, an jera buhuna sun wuce kan direba, an ɗora mutane goma sha bisa buhunan, nauyi duk ya koma sama. Akuya ta gitta a kan kwalta, direba ya murɗa sitiyari da sauri, ko ƙafa ɗaya ta faɗa gefen hanya da ruwa ya cinye, shi ke nan. Motar da a da za ta yi tangal-tangal ta daidaita, yanzu sai ta kwanta. Waɗanda ke ciki wataƙila su fita da rauni. Waɗanda ke bisa kaya su ne ake kwasa.

Sai kuɗin da babbar taya ke ci a ɓoye. Ta fi nauyi, kuma kowane juyi nata ya fi tsawo, don haka inji na wahala wajen tashi, kuloci na ƙonewa da wuri, birki na ƙara nisa kafin ya tsayar da mota. Allurar gudu ma ta fara ƙarya: da tayar da muka ambata, wadda ta fi ta asali da kashi 7 cikin 100, allura na nuna 100 alhali motar na kan 107. Ga kuma shan mai. A watan Yulin 2024 gwamnati ta sa litar gazuwal sefa 618. Mu ɗauka babbar taya ta ƙara maka lita ɗaya tak a kowane kilomita 100, kai kuwa kana yin kilomita 1000 a mako wajen zagayen kasuwanni. Lita goma ke nan a mako, sama da jika shida. A shekara ya wuce jika 300. Wa zai biya? Mai mota zai ɗora a kuɗin buhu, mu kuma mu ɗora wa mai saye, ko mu cire daga ribarmu.

Akwai kuma bambanci tsakanin motocin da bai kamata a manta ba. Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya tana da pon gaba da baya, tana jure ɗagawa kaɗan. Hilux da aka ƙera daga 2005 zuwa yau kuwa kowace ƙafar gaba zaman kanta take, da kardan mai juya ta. In an ɗaga gaban da yawa, kardan ya karkace, robarsa ta yage, rairayi ya shiga, wata biyu ka koma garaji. Tiyon birki ma in bai kai tsawon ba, zai iya tsinkewa lokacin da ƙafa ta faɗa rami. Wannan ba abin da za a bar wa mai walda na bakin tasha ba ne.

To, mene ne ra'ayinmu? Kafin a yi zancen ɗagawa, a auna motar. Yawancin motocinmu na hannu ne, risor ɗinsu ya gaji ya kwanta tun kafin su iso ƙasar nan. Sabon risor da sabon amortisor na asali sukan maido wa mota tsawon da ta rasa, sai ka ga ashe ba ta bukatar komi bayan haka. In kuma hanyarka lalle ta tilasta, a tsaya a santimita 5, da risor da amortisor da aka ƙera tare don wannan aiki, sannan a kai ta a daidaita ƙafafun gaba. Guntun ƙarfe da ake cusawa ƙarƙashin risor, ko kunnen risor da aka tsawaita da walda, mu dai ba mu yarda da su ba ko kyauta ne. Araha ba ta ado, balle a abin da ke ɗauke da rayuka.

Wajen taya, ƙarfi ya fi girma amfani. A duba jikinta. Akwai lambar nauyi: 112 na nufin kilo 1120 kowace taya, 120 na nufin kilo 1400. Mai ɗaukar kaya ya nemi wadda aka rubuta wa C ko LT, mai kaurin gefe, wadda ƙayar aduwa da kututture ba sa hudawa da sauƙi. Akwai kuma lambobi huɗu a ƙarshen rubutun DOT: 3519 na nufin mako na 35 na shekarar 2019. Tayar hannu mai kyan zane amma ta shekara bakwai ko takwas, robarta ta bushe, zafin kwaltar watan Afrilu zai fasa ta. Tayu huɗun su zama girma ɗaya, ta safiya ma haka, domin kat-kat ba ta son ƙafafu masu bambancin tsawo. Kuma a zaɓi girman da ake samu ko'ina. Tayar 7.50 R16 ta Land Cruiser ba ta wuyar samu a garuruwanmu. Wanda ya sa girman da sai Yamai ake samu, ranar da biyu suka fashe masa bayan Tanut, kwana zai yi a daji, tumatir da albasar mutane na ruɓewa.

Tsofaffin direbobin Agadas da suka ratsa Tenere shekara da shekaru sun san wata dabara da ba ta cin ko dala. In za a shiga rairayi, a rage iskar taya, ta baje, ta hau bisa yashi maimakon ta tona shi. In an fito kwalta kuma a mayar da iskar nan take, domin taya mai ƙarancin iska ƙarƙashin kaya zafi take yi ta fashe. Famfo mai kyau, ma'aunin iska, shebur da faranti biyu na ƙarfe sun fi fitar da mota daga rairayi a kan taƙi guda na ɗagawa, kuma kuɗinsu bai kai na babbar taya ɗaya ba.

Muna kira ga shugabannin tasha da ƙungiyoyin direbobi su sa ido. Su ne suka san kowace mota da mai ita, kuma maganarsu na da nauyi fiye da takarda. Masu bizit da jandarmomin hanya su riƙa leƙa ƙarƙashin mota, kada su tsaya ga takardu kaɗai. Masu mota kuma su tuna cewa in hatsari ya faru da lodi fiye da abin da karti giris ta ce, kamfanin asiransi na da abin kafa hujja, kuma wahalar a kanku za ta ƙare.

Ku kuma uwayenmu mata, Hajiyoyin kasuwa, ku ne ke cika waɗannan motoci, kuɗinku ne ke sayen tayun. Kuna da ikon magana. In kun ga mota ta yi tsawo kamar raƙumi, an jera kaya har sun wuce kan direba, ku ce: "Direba, rage kaya ko mu jira ta baya." Mace ɗaya in ta faɗa, dariya za a yi mata. Mata goma in suka sauko tare, kaya za a rage. Kasuwar da ta wuce ku yau za ta sake ci mako mai zuwa.

Allah ya kiyaye hanya, ya sa albarka a nemanmu, ya maido kowa gidansa lafiya. Amin.