Ɓarawon Da Muke Buɗe Wa Ƙofa Da Hannunmu

Masu iya magana kan ce, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A ganina, masu muhawara kan wace burauza ta fi tsaro, Firefox ko Chrome ko Edge, sun bar jaki suna dukan taiki, domin tsufan manhaja shi ne tsagar. Kamfanin Microsoft ya daina tura gyaran tsaro ga Windows 7 a Janairun 2020, Chrome ma ta daina sabunta kanta a kansa a 2023. Amma har yau irin waɗannan kwamfutocin gwanjo ne a gidajenmu da dama, kuma da su ake shiga asusun banki.

Tsaga ta biyu ta harshe ce, fannin da na karanta. Manhajar leƙen asiri kan zo da kalmar "kyauta", sannan ta ɓoye nufinta cikin doguwar yarjejeniya da Turancin lauyoyi, wanda ko mai digiri ba ya karantawa. Da zarar ka latsa amincewa, wata sai ta dinga nadar duk abin da ka buga, har da lambobin sirrinka, tana aika wa ubangidanta.

Saboda haka, ya kai mai karatu, zaɓi burauzar da ake sabuntawa, ka sauko da ita daga shafin kamfaninta, ka guji manhajojin sata, ka hana yara izinin girka abin da suka ga dama. Rigakafi dai ya fi magani. Allah Ya sa mu gane.