Littafi A Cikin Cunkoson Nyanya

Duk wanda ke kwana a Mararaba ko Masaka yana aiki a cikin Abuja ya san abin da hanyar Keffi ke ci daga rayuwarsa. Mota ta iso Nyanya ta tsaya cak, kwandasta na rataye a ƙofa yana ƙirga canji, mai ruwan leda na bin tagogi, fasinjoji kuwa kowa ya sunkuya kan waya yana murza TikTok har data ta ƙare. Safe da yamma, kwana biyar a mako. Gyaran hanya ba a hannun fasinja yake ba, amma abin da zai yi da waɗannan sa'o'i nasa ne, kuma ni a ganina littafin labari ya fi komai cancantar su.

Abin ba sabo ba ne. Tun 1848 kamfanin W.H. Smith ya buɗe rumfar littattafai a tashar jirgin ƙasa ta Euston a Landan, a 1935 kuma Penguin ya fito da littattafai masu shiga aljihu a kan sisi. Mu ma namu kamar don tafiya aka yi su. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam siriri ne, littattafan Kano kuwa, irin su Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, ba sa cika jaka, yawancin irinsu ma kashi-kashi suke fitowa, na ɗaya, na biyu, na uku. Inda labari ya fi waya shi ne yana da zare. Bidiyo ɗari za su wuce ba ka riƙe ko ɗaya ba, amma in ka sauka da safe ka bar amarya a tsaka mai wuya da uwar miji, da yamma ɗoki kake yi ka samu kujera.

Za a ce karatu a mota yana sa jiri. Gaskiya ne, ido na kan takarda, jiki na jin motsi, sai ciki ya hautsine. To amma wanda abin ya fi ƙarfinsa sai ya saurara da kunne, tunda gidajen rediyon Arewa sun daɗe suna karanta littattafai, yanzu ga su birjik a YouTube. Za a kuma kawo batun tsaro. Lura da motar da za ka shiga wajibi ne, sai dai waya ce ɓarawo ke fizgewa ta taga, ba takarda ba.

Ƙorafi mafi nauyi shi ne na tarbiyya, wanda ya kai ga ƙona littattafai a Kano a 2007. Akwai gurɓatattu, musamman waɗanda ke yawo a WhatsApp ba mai tacewa, ban musa ba. Amma mai cewa azkar ya fi, ya duba cikin motar da kyau: mutum ya gama azkar ɗinsa tun kafin Nyanya, abin da littafi zai ture daga hannunsa waya ce, ba carbi ba. Da hukumar jiragen ƙasa za ta ba marubuta rumfa a tashoshin Idu da Rigasa, fasinjan Kaduna ma da ya samu abin riƙewa.