Filin Mata: Ina Zafin Wutar Yake Tafiya?

A makon nan maganarmu a gindin murhu take, a kan wata asara da yawancinmu mukan yi kullum ba mu sani ba. Ga wake a kan wuta, ruwa yana tafasa, yara sun kusa tasowa daga makaranta. Sai uwargida ta ga abin yana jinkiri, ta tura itace biyu ko uku, ta kama fifita, wai don ya nuna da wuri. To, ku sani itacen nan da ta ƙara a banza ta ƙona shi.

Ga dalili. Akwai ma'aunin zafi, ɗan'uwan wanda ake gwada majiyyaci da shi a asibiti, an raba shi digiri-digiri. A wannan ma'auni ruwa yakan daskare ya zama ƙanƙara a digiri 0, yakan tafasa a digiri 100. Idan kin ɗora ruwa, zafinsa yana ta hawa har ya tafasa. Daga nan sai ya tsaya cak. Ko kan itace guda kika zuba, ba zai wuce nan ba. Watau ruwan da ke tafasa a hankali da wanda ke zaɓalɓala har yana ture murfi, zafinsu ɗaya ne. Wake kuwa zafi ne ke dafa shi, ba hargowar tukunya ba.

Wata za ta ce, to ina zafin itacen da aka ƙara ya tafi? Bai ɓace ba, gama zafi ba ya ɓacewa, sai dai ya sake wuri. Ya shiga aikin mayar da ruwa tururi ne, tururin kuma ya tashi da shi sama. Wani masani mutumin Sikotlan, Joseph Black, shi ne ya gano haka wajen shekarar 1761, ya kira shi ɓoyayyen zafi, domin ma'auni ba ya nuna shi. Kuma ba ɗan kaɗan ba ne. Zafin da ake bukata a mayar da tafasasshen ruwa tururi ya fi sau biyar na wanda ake bukata a kai ruwa mai sanyin ƙanƙara ga tafasa. Shi ya sa tukunya takan tafasa nan da nan, amma ta daɗe ba ta ƙafe ba.

Saboda haka ga abin yi. Da fari ki ba tukunya wuta sosai har ta tafasa. Da ta tafasa sai ki janye itace, ki bar abin da zai riƙe tafasar kawai, ki kuma rufe ta. Tururin da ya bugi murfi yakan koma ruwa ya ɗiga ciki, ya bar zafinsa a nan. Wadda ta bar tukunya a buɗe kuwa asara biyu ta yi: ta ƙona itace, ga shi dole ta ƙara ruwa mai sanyi, ta sake jiran tafasa. Sai fa in miya kike so ta yi kauri, nan ne buɗe murfi ke da amfani. Mai risho da mai gas duk hukuncinsu ɗaya ne da mai murhu.

Digiri 100 ɗin nan na ƙasar da ke daidai da teku ne, kamar Ikko. Idan aka hau tudu nauyin iskar da ke danne ruwa yakan ragu, sai ya tafasa tun bai kai haka ba. A Kano wajen digiri 98 ne, a Jos kuwa, mai tsayin mita 1,200 da 'yan kai, wajen 96. Amaryar da aka kai Jos in ta ga wakenta yana ɗan jinkiri, kada ta zargi itacen garin.

Sauran gargaɗi biyu. Ƙunar tururi ta fi ta ruwan zafi muni, domin yana sauke ɓoyayyen zafin nan duka a kan fata. In za ki buɗe madambaci, ki ɗaga murfin ta can gefe, ki kau da fuska, kada kuma goyo ya leƙo. Na biyu, man gyaɗa ba ya tsayawa inda ruwa ya tsaya. Na suyar ƙosai yakan kai digiri 180. Ɗigon ruwa in ya faɗa ciki, nan take yake zama tururi, ya kumbura fiye da sau 1,600, ya watsa mai. Don haka in mai ya kama da wuta, kul kika zuba ruwa. Ki rufe kaskon da murfin ƙarfe, ki janye itace.

'Yan makaranta, ga aikinku ranar Asabar. Ku roƙi inna tukwane biyu iri ɗaya, ku raba mudun wake biyu daidai. Bayan sun tafasa, ɗaya a rage mata wuta a rufe, ɗaya a bar ta a buɗe tana cin itace. Ku duba agogo, ku ƙidaya itacen da kowace ta ci, ku rubuto mana abin da kuka gani.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.